Zarami Mai Injin Buhu na Fataskum

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Fataskum ya san Zarami, ko da bai san sunansa ba. In an sallame asuba a masallacin Hausari, shi ne dattijon nan gajere mai faɗin kafaɗa da ke ratsowa ta bayan mahauta, jakar fata a rataye, hannu ɗaya a baya, yana tafiya kamar wanda aka aika amma ba a ce ya yi sauri ba. Ba ya tsayawa shan koko. Ya gaida na gaidawa, ya miƙe hanyar Damagum har siton kamfanin da ke sayen gyaɗa da ƙaro. Kafin leburori su taru ya riga ya yaye tamfal daga kan injin ɗinkin buhu, ya goge shi da tsumma biyu, ɗaya na datti ɗaya na mai, ba ya haɗa su. Sa'an nan ya juya tayar injin da hannu sau uku a hankali, kunnensa na jingine da ƙarfen. In ya miƙe bai ce komai ba, sai a ɗora bel a kama aiki. In kuwa ya ce, "Ku sha iska tukuna," to ko Manaja ba ya ja da shi.

Shekara goma sha shida yana haka. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, don idonsa ya daina ganin kafar allura.

Ni mai wannan takarda dillalin gyaɗa ne. Na yi fatauci daga Nguru har Jos, na ga masu wayo iri-iri, wasu na ci su, wasu sun ci ni. Boko kuwa sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, saboda haka masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, yanzu samari da yawa na son su zama makanikai, suna ɗauka farkon abin shi ne a ba ka rigar kaki da sifana. Ina so su ji yadda Zarami ya fara, don ina wurin.

Zarami Babarbare ne, iyayensa suka zo da shi daga Barno yana goye. Sana'arsa ta fari ɗinkin bakin buhu. In an auna gyaɗa a sikeli an cika buhu, sai maɗinki ya kama kunnuwan buhun ya rufe bakin da basilla da igiyar rama. Su ashirin da biyu ne a siton, helumansu kuwa wani dattijo Adamu, wanda ya koya wa yawancinsu. Adamu ba ya duba ɗinki da ido. Yakan sa a hau da buhu saman mota a jefo shi ƙasa. In ƙwaya ɗaya ta fito, a warware a sake. Zarami ya tashi a hannunsa tun yana saurayi, yana ce masa Baba, daga baya ya auri 'yarsa Hansatu, sunan ya ƙara zama daidai.

A kakar 1941 aka sauke injin daga mota. Yana da kai babba na ƙarfe a bisa ginshiƙi, wani ƙaramin inji mai shan kananzir na juya shi da bel, buhu na wucewa a ƙarƙashinsa bisa katako mai taya. Abin da mutum goma ke ɗinkawa daga hantsi zuwa azahar, shi ya gama kafin rana ta yi zafi. Aka ɗora wani Bafillatani mai suna Joda a kansa, aka nuna masa inda ake zura zare da inda ake ɗiga mai. Shekarar ba a sallami kowa ba, amma ba wanda bai san abin da ke tafe ba. Ran da aka fara gwada shi, Adamu ya tsaya yana kallo, ya ce a gaban kowa, "Ƙarfen nan ba zai ga kaka biyu ba." Nufinsa kayan Turawa ba su jure ƙasarmu. Maganar dattijo ce wanda ransa ya ɓaci, muka yi dariya muka watse.

Injin ya zo da gwangwanin mansa guda. Lokacin yaƙi ne, ana ta kwasar samari zuwa soja, jirage ba su kawo kaya. Kafin kaka ta ƙare man ya ƙare, akawu ya ce ko a Jos babu. To mu da ke zaune a tsakiyar gyaɗa, wa zai tsaya tunani? Da man gyaɗa muke shafa wa sarƙar keke, da shi muke tausasa takalmi. Ni da bakina na ce a je unguwar Dogo Tebo wurin Gumsu mai ƙuli-ƙuli, nata ya fi na kowa tsabta. Aka kawo, Joda ya ɗiga, inji ya ci gaba da waƙarsa. Da za a rufe sito saboda damina, Joda ya cika masa ciki da man har yana tsiyaya, don kada ya yi tsatsa. Duk muka ce ya kyauta. Manaja na rangadi, da ya dawo ba wanda ya gaya masa, don ba mu ga labari a ciki ba.

Wata bakwai injin na lulluɓe. Da kaka ta zagayo aka yaye tamfal, aka ɗora bel, sai bel ya yi ta zamewa yana hayaƙi. Taya ta ƙi motsi ko da mutum biyu. Manaja ya kwance murfin da kansa, ya tarar da cikin a cushe da wani abu ja-ja mai danƙo, ya kama kowane ƙarfe ya riƙe. Ya taɓa da yatsa, ya waiwaya ya dubi buhunan ƙaro da ke jibge a kusurwa. Ya tambaya wa ke riƙe da mabuɗin sito da damina. Aka ce Adamu. Akawu kuma ya tuna masa da maganar kaka biyu.

Kafin azahar 'yan doka sun tafi da Adamu. Ƙarar ita ce ya narka ƙaro ya ɗura wa injin don ya tsare wa mutanensa aiki. A lokacin kuwa gyaɗa kayan yaƙi ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa gwamnati. Ana maganar shekara guda a gidan yari da aikin fasa dutse. Adamu ya haura sittin, ƙirjinsa ya riga ya lalace da ƙaiƙayin buhu, in ya fara tari sai ya dafa bango. Duk wanda ya san shi ya san ba zai fito da ƙafarsa ba.

Zan faɗi gaskiya, ko ni na ɗauka ya aikata. Ba wanda ya kawo man gyaɗa a ransa. Mu a saninmu mai sulɓi yake sawa, yaushe zai zama danƙo? Zarami kaɗai ya ƙi yarda. Ya ce shi ya san Baba, in zai kashe injin da rana zai zo da guduma. Ya roƙi mai gadi ya bar shi ya kankaro ɗan abin da bakin basilla. Ya kai gida ya ce wa Hansatu ta miƙo masa tsohuwar kwalbar manta. Ya shafa wuyan kwalbar, wurin da mai ke tsiyaya ya bushe shekara da shekaru. Kowace mace ta san danƙon nan da ruwa ba ya wankewa. Mu maza ne ba mu taɓa wanke kwalba ba.

Ran shari'a zauren alƙali ya cika. Manaja na zaune a kujera da tafintansa. Zarami ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina roƙon ƙwarya biyu da ruwan ɗumi."

Alƙali ya ce, "Wanka za ka yi mana?"

Ya ce, "A'a, ƙaron zan wanke."

Aka kawo. Ya daka ƙaro na gaske ya zuba a ɗaya, ya jefa abin da ya kankaro a ɗayar. Alƙali ya ce a ajiye su a gabansa, ya saurari wata ƙarar ta jaki. Da aka gama ya sa yatsa ya motsa. Ƙaro ya narke ya bi ruwa. Ɗayan na nan yadda aka jefa shi. Zarami ya tsamo shi ya ɗora a kan garwashi. Ba a jima ba zauren ya ɗauki ƙaurin ƙuli-ƙulin da ya ƙone.

Alƙali ya ce, "Tun ina yaro nake haɗa tawada da ƙaro. Wannan ba shi ba ne. Wa ya zuba man gyaɗa?"

Joda na bayana, ya raɓe don kada a gan shi. Zarami bai waiwaye shi ba. Ya ce, "Mu muka zuba, Allah ya gafarta Malam. Duk wanda ke siton ya gani, ya kuma ce madalla." Na ga in na yi shiru ba zan ƙara iya duban mutumin nan ba, na ce haka aka yi, ni na ma faɗi gidan da za a sayo.

Muka ɗauka an gama. Sai Manaja ya yi magana, tafinta ya juya. Ya ce ya yarda ba ƙaro ba ne, amma bai yarda mai kaɗai zai kashe inji haka ba, wanda ke da mabuɗi ya san sauran. Makanikinsu na Jos an ɗauke shi soja, ba a san ranar zuwan wani ba. In inji ya tashi ya yi ɗinki, ya janye ƙara. In bai tashi ba, maganarsa na nan.

Zarami ya ce, "A ba ni shi."

Alƙali ya ce, "Ka taɓa buɗe inji?"

"Ko agogo ban taɓa buɗewa ba."

"To ka ji. Kwana bakwai. In ka ƙarasa lalata shi, ka tarar da surukinka a gidan yari."

Da yamma na raka shi wurin da aka tsare Adamu, don yari sanina ne. Muka same shi a zaune a ƙasa ya jingina da bango. Labari ya riga mu. Bai bari Zarami ya gama gaisuwa ba, ya ce, "Kada ka taɓa ƙarfen nan."

"Baba, ƙirjinka ba zai kai bazara a nan ba."

"Ƙirjina nawa ne. In ƙarfen nan ya tashi, mutum nawa za su zauna a gida? Ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

"To Allah ya kashe mana shi ba da hannunmu ba, kai kuma ka ce za ka tashe shi. Ni na koya maka basilla. Ban koya maka wannan ba."

Zarami ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Ka yafe mini, Baba. Ban taɓa saɓa maka ba, amma wannan zan saɓa."

Adamu ya juya fuskarsa bango. Har muka fita bai juyo ba.

Washegari maɗinka suka same shi a ƙofar gida. Mai magana da bakinsu wani Basiru ne, mai 'ya'ya bakwai. Ya ce, "Zarami, ba mu ƙi Baba ba, shi ma abin da ya zaɓa ke nan. Ka bar injin kawai. Kafin wani makaniki ya zo kaka ta wuce, mun ci wannan shekarar." Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa take da nauyi. Zarami ya ce, "Ku za ku ci shekara ɗaya, shi kuwa ba zai ga ƙarshenta ba." Basiru ya tofar da yawu a gefe ya tafi, sauran suka bi shi. Hansatu na jin su daga zaure. Abin da ta ce masa kawai, "Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Ubana ne." Ta miƙa masa farin zanenta na Salla da ya roƙa.

A nan nake so samari su saurara. Ranar farko Zarami bai taɓa sifana ba. Ya nemo tsohon buhun da injin ya ɗinka bara, ya zauna a inuwa yana warware ɗinkin ɗaya-ɗaya. Ya gane ashe sarƙa ce, irin wadda masu aikin riga ke yi a wuya, kowane madauki na riƙe da na bayansa. Ya ce in haka ne, lalle akwai wata ƙugiya a ƙasa da ke tare zare in allura ta sauko. Bai gan ta ba tukuna, amma ya san aikinta. Sai da ya san abin da injin ke son yi, sa'an nan ya buɗe shi.

Littafin injin na nan da Turanci, ba mai karanta shi sai akawu, shi kuwa bai san ƙarfe ba. Zarami ya share ƙasa, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora farin zanen. Duk abin da ya kwance sai ya ajiye daga dama zuwa hagu, kamar rubutun allo, fuskar da ke sama a ciki ita ke sama a zane. Noti ɗaya ba ya tsallake ɗan'uwansa. Ya hana kowa ƙetare tabarmar. Kowane ƙarfe ya kwana a kananzir, ya goge shi da asawaki, don tsinke zai karce shi. Kwana uku yana wannan, yatsunsa suka tsattsage. Joda ne ke miƙa masa ruwa, tsoro ya sake shi har ya dawo da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ya ce, "Bawana, in ka tashe shi na 'yanta ka." Zarami ya ce, "Kai dai riƙe kwanon da kyau, kada ka ɗura masa nono kuma."

Ranar ta biyar ya mai da komai daga hagu zuwa dama. Wani direba ya tsiyayo masa man mota, ya tsinka shi da kananzir ya ɗiga. Taya ta juya da yatsa ɗaya. Muka ce an gama. Aka sa buhu, allura ta yi ta hawa da sauka, buhu ya fito da bakinsa a buɗe, huji kawai a jere, zare bai kama ba. Aka sake, haka. Manaja ya zo ya tsaya, ya duba agogonsa, ya tafi.

Yini biyu Zarami na kwance rigingine a ƙarƙashin kan injin, Joda na juya taya a hankali, shi yana kallon allura da ƙugiya. Na kawo masa shawara mu nemi alƙali ya ƙara kwanaki. Ya ce, "Kwana nawa Baba zai ƙara?" Ranar ta bakwai da hantsi ya ce da Joda, "Tsaya. Koma baya kaɗan." Ya ce shi in yana ɗinki da hannu, sai madauki ya buɗe yake zura basilla. Ƙugiyar nan gaggawa take yi, tana isowa madauki bai buɗe ba. Ya sassauta noti ɗaya, ya matsar da ita kamar faɗin ƙwayar gero, ya ɗaure.

Aka ɗora bel. Buhu ya shiga ya fito a rufe. Zarami bai yarda da idonsa ba. Ya sa aka hau da buhun saman mota aka jefo. Ba ƙwayar da ta fito.

Na sha jin ana cewa ranar an yi guɗa. Ba a yi ba. Maɗinka na tsaye a bakin sito, da suka ji ƙarar injin ta daidaita sai suka juya ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya cika alkawari, kafin la'asar aka saki Adamu. Kafin Juma'a an sallami mutum goma sha shida cikin ashirin da biyu. A ranar aka kira Zarami ofis aka ce daga yau shi ne fitan inji, mai kula da shi da gyaransa. Haka ya shiga sana'ar, ba wanda ya taya shi murna.

Adamu ya koma gida ya warke a hankali. In Zarami ya durƙusa ya gaishe shi yakan amsa, daga nan ba ya ƙara komai. Yana cin tuwon da Hansatu ke aika masa, yana wasa da jikokinsa, amma bai sake yi wa Zarami maganar da ta wuce lafiya lau ba, bai kuma sake taka hanyar sito ba. A unguwa aka sa wa Zarami suna mijin ƙarfe. Akwai gidajen da aka daina kai masa goron suna.

Zarami, kai ne ka ɗauki wannan ba ka kai ƙara wurin kowa ba. Kai ne ke zuwa gaida surukinka kowace Juma'a, ka zauna a bakin tabarma, ya yi shiru ka yi shiru, ka tashi ka ce sai wani jiƙon. Na taɓa tambayarka ko ka yi nadama. Ka ce mini, "Ina jin tarinsa ta katanga kowace safiya. In na ji, na san ban yi asara ba."

Abin da ya yi bayan nan mutane da yawa sun gani. Da allurai suka ƙare, yaƙi bai ƙare ba, ya ɗauki wayar tayar keke ya kai maƙera, shi da maƙerin suka yi ta gwaji har suka fitar da wadda ke yin mako ba ta karye ba. Da bel ya kama hannun rigar wani lebura ya kusa tafiya da hannun, bai jira umarni ba, ya yanka garwar kananzir ya yi wa bel ɗin rufi, har yau shi ne a kai. Masu sayen fata da ke da injin matse dila suka ji labarinsa suka aiko. Bai taɓa ganin irinsa ba, ya tafi da tabarmarsa da farin zane, ya yi masa yadda ya yi wa na farko. Direba Muhammadu Sani ya ce mini ya kai shi Damagum da Gadaka da Azare ba sau ɗaya ba, kuma ko'ina abin da yake fara yi shi ne ya ce a nuna masa aikin da injin ya yi lokacin da yake lafiya. Bayan yaƙi wani Bature makaniki ya iso daga Jos, ya buɗe injinmu, ya daɗe yana dubawa, ya rufe ya ce ba shi da abin yi a nan.

Bai manta da mutum goma sha shidan ba. Shi ya yi ta bin Manaja yana nuna masa buhunan da ake zubarwa don sun yage, har aka buɗe rumfar faci aka dawo da biyar. Basiru da ya tofar da yawu a ƙofarsa, shekara biyu bayan nan Zarami ya je har gida ya ce yana neman mai hannu. Ya koya masa komai, bai ɓoye ko noti ɗaya ba, yau Basirun ne ya gaje shi. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ba duka suka dawo ba. Wasu suka tafi haƙar kuza, uku suka shiga soja, ɗaya bai dawo ba. Zarami na iya jera maka sunayensu yanzu ba tare da ya tsaya tunani ba.

Ranar sallamar Zarami aka shimfiɗa tabarmi a bakin sito, aka raba goro, sabon Manaja ya yi jawabi. Ana cikin haka sai muka ga jaki ya tsaya a bakin hanya, Basiru na riƙe da akala. Adamu ne a kai. Ya kusa tamanin, ido ya tafi gaba ɗaya. Aka sauke shi. Ya ce, "Ku kai ni wurin ƙarfen."

Aka kai shi. Ya shafa ginshiƙin, ya shafa kan. Ya ce, "A ɗinka ɗaya in ji."

Basiru ya tada inji ya wuce da buhu ɗaya. Aka ajiye shi a gaban tsohon. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi ɗinkin da yatsa daga wannan kunne zuwa wancan, ya dawo. Ya ce, "Ina Zarami?"

"Ga ni, Baba."

"Ƙarshen nan ya yi sako-sako. Wa ya koya maka ɗinki?"

Zarami ya ce, "Kai ne, Baba."

"To gyara."

Mutumin da aka riga aka sallama ya buɗe jakarsa ya ɗauko sifana. Ido ba ya gani sosai, da yatsa ya lalubo notin zare ya ƙara masa rabin juyi. Aka sake wani buhun. Adamu ya shafa, ya ja da ƙarfinsa, ya ce, "Yanzu ka yi ɗinki." Sa'an nan ya miƙa hannu ya ce, "Kama ni mu tafi gida, jakin nan ya karya mini baya."

Zarami na Hansatu, mai jin ciwon ƙarfe da kunne, mun gode. Mu dillalai mun gode, don buhunmu bai taɓa fashewa a hanyar Kano ba. Leburori sun gode, Joda ya ce in gaya maka har yanzu bai 'yanta ka ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samari masu son sifana, ku je Hausari ku gaishe shi tun yana nan, ku tambaye shi, ba ya rowar sani. Ku koyi sanin abin da inji ke son yi kafin ku kwance shi, ku ajiye kowane noti a inda za ku same shi. In kun tada inji kuma, ku waiwaya ku ga wa ke tsaye a bakin ƙofa, ku riƙe sunansa yadda Zarami ya riƙe. In kun je da hantsi za ku same su su biyu a zaure ɗaya, tsohon na ta faɗa, Zarami na cewa to, Baba. Maganar shekara goma sha shida ce suke biya, kada ku katse su.